Bokitin Mama Ladi a Kafaɗa

Shekara bakwai ke nan cif da muka raka Mama Ladi makwancinta a ƙauyensu. Ni ba ɗanta ba ne, addininmu ma ba ɗaya ba. Mai wayarin ɗin mota ne ni a unguwar kanikawa ta Apo, ita kuwa mai abinci ce a ƙarshen layinmu. Amma na daɗe ina cin tuwon hannunta, kuma in ina lissafa iyayena ba na tsame ta.

Kowa a Apo da labarinta da yake riƙe da shi. Nawa na ranar tsere ne.

A shekarar, ƙungiyarmu ta samu tankin ruwa ɗaya tak da famfonsa, ga layuka biyar, kowa na so a kafa a nasa. Da gardama ta yi tsami, sai shugaban ƙungiya, wani dattijon fenta, ya ce wasan ƙarshen shekara ya raba mu: layin da ya ci tsere shi ke da tanki. Tseren kuwa abin dariya ne. Mutum huɗu ne a kowane layi, sifana suke miƙa wa juna. Na farko ya gara tayar tifa, na biyu ya yi tsalle cikin buhu, na uku ya ciji cokali da ƙwai a kai, na huɗu ya ɗauki bokiti cike da ruwa, kuma kada ruwan ya sauka ƙasa da zanen fentin da ke ciki.

Ranar, na huɗunmu bai zo ba, matarsa ta haihu a Uke. Muna ta kallon juna, sai Mama Ladi ta ajiye ludayi ta ci ɗamara. Ta haura hamsin a lokacin, ga gwiwa tana damunta. Oga Bitrus, babban makanikenmu, ya ce, "Mama, wannan fa ba wasan manya ba ne."

Ta ce, "Oga, wa yake ɗebo ruwa kullum a layin nan? Kai ne?"

Mun san sau nawa take zuwa burtsatsen bayan titi kafin ta ɗora tukunya.

Aka busa usur. Oga Bitrus ya gara taya kamar shi ya ƙera ta. Ni ne na buhu, kuma ba zan ɓoye ba, sau biyu na ci ƙasa, jama'a na ta shewa. Mai facin tayarmu da ke ɗauke da ƙwai ya rage mana tazara, amma lokacin da sifana ta isa hannun Mama, mu ne na huɗu. Ta soke ta a ƙugu, ta sunkuci bokitin. Sauran duk samari ne, kowa ya ɗora nasa a ka ya zuba da gudu. Ita sai ta ɗora nata a kafaɗa, kusa da wuya, yadda matan Gbagyi ke yi, ta kama hanya da wata irin sassarfa, ba gudu ba, ba tafiya ba. Na gabanta ya yi tuntuɓe ya yi wanka. Wani ya tsaya gyaran bokiti, ta wuce shi. Mutum ɗaya ne ya riga ta isa, da aka leƙa bokitinsa ko rabi babu. Nata kuwa har ka ga fuskarka a bakinsa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana.

Nan rigima ta tashi. 'Yan layin da suka sha kaye suka ce ai a ka ake ɗauka, ta karya doka. Tana haki, gumi na zuba, ta dubi shugaba ta ce, "Baba, a wurinmu kai ba na kaya ba ne. Kai yana da aikinsa, tunani. Tun kafin a kawo mota na farko nan wurin, kakana yana noma doya a nan, a kafaɗa yake kaiwa gida."

Yawancinmu baƙi ne, daga Kano, daga Filato, daga Binuwai, kuma sai a ranar wasunmu suka tuna ƙasar wa muke zubar wa baƙin mai. Dattijon ya ce, "Doka ta ce a kawo ruwa. Ta kawo." Ban taɓa jin alfahari da wani mutum kamar na wannan yammacin ba.

Yau in ta dawo, ban san me za ta ce ba. Motoci sun koma sai da kwamfuta ake gano ciwonsu. Yaran yanzu ta waya suke sayen abinci, ba sa zama a benci a yi musu faɗa kan rashin wanke hannu. Wasan ma ya zama na kiɗa da ɗaukar hoto, rabin masu kallo ta fuskar waya suke kallo. Ina jin za ta yi tsaki. Amma za ta yi murmushi in ta ga mata sun cika filin, ana kuma shelar cewa mai so ya ɗauka a ka, mai so a kafaɗa. 'Yarta Saratu, wadda ta gaji rumfar, ita ke riƙe mana zangon ƙarshe. Tsohuwar zuma da ita ake magani, amma sabuwar ma ba ta ba mu kunya ba.

Sai dai ba nasarar ce ta fi zama mini a rai ba. Da aka kafa tankin, mu muka sayo kwaɗo, don layukan da suka yi mana dariya su ɗanɗana. Mama ta karɓi kwaɗon ta juya shi a hannu, ta ce, "Yarana, ruwa ba a kulle shi." Ta jefa shi cikin kwandon albasa.

Tankin farko ya tsage an sake wani, an canza kan famfon ban san sau nawa ba. Musulmi na alwala a wurin, Kirista na wanke fuska, mai tallar da ba mu san sunansa ba yana cika gorarsa ya wuce. Har yau babu wanda ya yi ƙarfin halin sa masa kwaɗo.

Allah ya ba ki hutawa, Mama.