Kwaɗon Mai Agogo

Mai Agogo ba mugun mutum ba ne, hannunsa ne dai bai cika son buɗewa ba. Shekara talatin da bakwai ya yi a shago ɗaya, na uku daga ƙarshen layin masu gyare-gyare, wani ɗan tsukukun wuri da in ya miƙa hannuwa sai ya taɓo bangon nan da na can. Da tebur ya fara a bakin titi, ba shi da komai sai hantsaki, da 'yan ƙananan sukundireba, da gilashin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya. Daga teburin ya kama shago, ya yi aure, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta, ya yi jinyar matarsa har Allah ya karɓi abarsa, duk bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Don haka in ka ji ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ba a littafi ya tsinto maganar ba.

Jikin shagonsa kuwa na Mai Makulli ne, dogon mutum mai babbar murya. Shekara goma sha takwas ya yi a masaƙa, yana cikin na gaba-gaba a ƙungiyar ƙwadago, har ranar da aka rufe masaƙar aka sallame su kamar ba a taɓa sanin su ba. Ya koyi yankan makulli da gyaran kwaɗo, amma bakinsa bai bar masaƙa ba. Kullum da rana, in ciniki ya lafa, su biyun sukan zauna a benci ɗaya su ɗora daga inda suka tsaya jiya.

"Gurguzu shi ne adalci," in ji Mai Makulli. "A ce injin na kowa ne, gonar ta kowa ce. Mu muka saƙa yadi, wani can mai tumbi ya kwashe ribar. Wannan shi ne jari-hujjar taka!"

"To sannu, uban talakawa," Mai Agogo ya ce, bai ko ɗago kai daga aikinsa ba. "Kai da me kake cin abinci? Da kwaɗo. Ranar da mutane suka daina cewa 'nawa', wa zai sayi makulli? Yunwa ce za ta fara kashe ka."

"Kai kuma lokaci kake gyarawa, abin da Allah ya raba wa kowa kyauta, amma sai ka karɓi kuɗi."

Tela ta ƙarshen layi da mai gyaran rediyo sun daɗe da daina raba su. Sun gane musun ne abincin ranarsu.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Mai Agogo gani. Ya ɓoye, ya yi ta ƙara wa fitilar teburinsa haske, har ranar da ya mayar wa wani agogonsa da hannun minti a gurbin na awa. Autarsa, wadda ke zaune da shi, ta tasa shi gaba sai asibiti. Likita ya ce aiki za a yi, sati biyu ya isa ya koma shago.

Abin da ke damunsa ba wuƙar likita ba ce. Dokar kasuwar ita ce, duk shagon da ya kwana talatin a rufe, hukuma ta karɓe ta ba wani, kuma masu jiran gurbi sun fi a ƙirga.

"Baba, ka bar wa maƙwabcinka makullin mana, ko da wani abu," in ji auta.

"Wa? Mutumin da ke cewa kayan kowa na kowa ne? In dawo in tarar ya raba agogunan mutane sadaka? Sati biyu ne, ba shekara ba."

Ya danna kwaɗonsa, ya ja shi sau biyu, ya jefa makullin a aljihu. Ai girman kai rawanin tsiya ne.

Aiki ya yi kyau, amma a rana ta tara idon ya kumbura ya soma ruwa. Likita ya ɗaure fuska: ba haske, ba sunkuyo, ba fita, sai ya ce a fita. Mai Agogo ya kwanta a ɗaki an saki labule, yana ƙirga kwanaki da yatsu. Mai Makulli ya zo dubiya sau biyu, duk biyun Mai Agogo ya ce a ce masa barci yake, don kunya ta hana shi roƙon abin da ya hana da bakinsa. Ran kwana na talatin ko ruwan shayi bai sha ba. Ya juya fuska bango ya yi kuka, irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar matarsa.

Sai a kwana na arba'in da ɗaya likita ya sallame shi. Ya ce auta ta raka shi ya kwashe kayansa, in ma an bar masa su. Yana sanye da baƙin tabarau, tana riƙe da hannunsa, suka shiga layin. Tun daga nesa ya hango ƙofar a buɗe. Wato har sabon mai shago ya shiga.

Da ya matso sai ya ga Mai Makulli zaune a kujerarsa, ya cika ɗan wurin da dogayen ƙafafu. An share ƙasa. Agogunan bango duk suna tafiya, sai dai kowanne da nasa lokacin.

"Ka fasa min shago," in ji Mai Agogo.

"Na fasa. Wannan kwaɗon naka ko minti biyu bai ɗauke ni ba, kai da arha."

"Da izinin wa?"

"Da izinin jama'a. Mutumin hukuma ya zo sau uku, sau uku ya tarar da ƙofa a buɗe. Ban taɓa aikin kowa ba, in an kawo gyara cewa nake maigidan na nan tafe."

Tela ta leƙo tana dariya. "Ka faɗa masa sauran mana, ɗan gurguzu."

Mai Makulli ya sosa ƙeya. Ashe da farko makulli biyar ya yanka wa sabon kwaɗo, ya raba wa mutanen layi, ya ce shagon ɗan'uwa amanar kowa ce, wanda ya riga zuwa ya buɗe. Kwana biyu aka yi lafiya. A na uku kowa ya zaci wani zai buɗe, har rana ta take ƙofa na rufe, mutumin hukuma kuwa yana layin baya. Da gudu Mai Makulli ya je ya buɗe. Ranar ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓe makullan, ya canza kwaɗo, ya ɗora wa kansa shi kaɗai.

"Kada ka ce komai," ya ce, yana nuna Mai Agogo da yatsa. "Ban canza ra'ayi ba. Ƙofa ce dai na lura tana son ta san mai buɗe ta."

Da a kan benci ne, da Mai Agogo ya yi wata guda yana yi masa tsiya da wannan magana. Yau kuwa sai ya bar ta ta wuce. Ya dubi telar, ya dubi mai rediyo da ya bar aikinsa ya fito, ya dubi wannan dogon mutum da ya raba kansa tsakanin shago biyu kusan wata guda, bayan an ce masa barci ake yi.

"Na gode," ya ce. "Wallahi na gode. Allah ya saka muku da alheri, ku duka."

Mai Makulli ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya sa masa makulli a tafin hannu. "Ga shi. Shi kenan guda ɗaya, ban yi masa na biyu ba."

Mai Agogo ya juya makullin a hannu. Sannan ya kamo hannun maƙwabcinsa ya mayar masa.

"Je ka yanka na biyu," ya ce. "Ɗaya ya zauna a wurinka."