Waƙar da Dada ta hana fitarwa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sa'idu, wanda mu 'yan gida da duk unguwarmu ta Abbare muke kira Hamma. A shekarun da suka wuce, idan wannan lokaci ya zagayo, sadaka muke yi mu yi masa addu'a, kowa ya koma harkarsa. Bana wani abu ya faru a gidanmu, shi ya sa na ga ya dace in ba da labarinsa.

Hamma makaɗi ne, amma bai taɓa rataya ganga ba. Kayan aikinsa wata tsohuwar kwamfutar cinya ce, da waya, da hedifon da aka ɗaure da salatif. Yawo yake yi cikin Jalingo da kewaye yana ɗaukar sauti: ƙarar cokalin mai shayi a cikin kofi, hon ɗin keke, hayaniyar masu doya a kasuwar Iware suna ciniki da Mumuye da Hausa a cakuɗe. Idan ya dawo sai ya yayyanka su a kwamfuta, ya jera, ya sa musu bugu a ƙasa, har su zama kiɗan da ba ka iya saurara ƙafarka tana wuri ɗaya. Wani mai injin niƙa a unguwar Barade ya taɓa korarsa da ya gan shi yana ɗaukar ƙarar injin, yana zaton an turo shi ne daga ofishin haraji. Da Hamma ya koma ya kunna masa abin da ya haɗa, mutumin ya kashe injin, ya saurara har ƙarshe, ya ce shekara da shekaru yana zagin injin nan, ashe murya gare shi.

Ni ɗinki nake yi, kuma ni na fara shan wahalarsa. Ya kawo mini saƙi irin na mutanenmu na ruga ya ce in yi masa jaket. Na ce ba a yi. Ya ce to yau za a fara. Haka na ɗinka masa, ya riƙa sa ta da wandon jins da kambas yana wucewa ta gaban majalisar dattawan layinmu. Wata rana ɗayansu ya tare shi ya ce, "Sa'idu, ruga za ka ko Legas?" Hamma ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Duk biyun, Baffa, idan mai ya isa."

Abokinsa na kusa shi ne Yohanna, mai rubuta allunan shaguna da fenti, mai kuma ɗaukar hoto. Shi ya zana saniya sanye da hedifon a bangon ɗakin Hamma ta waje, mutane suka yi ta tsayawa suna dariya. Duk kiɗan da Hamma ya ɗora a intanet, hoton Yohanna ne a kai. Masu saurare ba su da yawa a lokacin, amma su biyun ba su damu ba.

Akwai kiɗa ɗaya da bai taɓa ɗorawa ba, kuma shi ya fi so. Hamma ɗan fari ne. Mahaifiyarmu, Dada, ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, kamar yadda ta taso ta ga ana yi. "Wancan" take ce masa. Wata safiya tana burga nono a tsakar gida tana rera wata waƙa da Fillanci ƙasa-ƙasa, sai ya ajiye wayarsa a taga. Ta hango wayar, ta katse waƙar. Abin da ya samu bai kai minti ɗaya ba. A kan wannan ɗan guntun ya yi wata da watanni yana aiki, ya mai da ƙarar maburgi ta zama ganga, ya shimfiɗa muryar Dada a sama. Ranar da ya gama ya kunna mana a tsakar gida yana ta murmushi. Dada ta ji har ƙarshe, sannan ta juyo gare ni, alhali ga shi nan tsaye, ta ce in gaya wa wancan kada abin nan ya fita daga gidan nan.

Dukanmu mun ɗauka ba ta son maza a waje su ji muryarta ne. Hamma ya roƙa ta bakina, ya roƙa ta bakin gwaggonmu, har atamfa ya saya mata. Ta karɓi atamfar, ta ce maganar tana nan. Yohanna ya ba shi shawara ya ɗora kawai, tunda Dada ba ta san hanyar intanet ba. Hamma ya ce ita ba ta shiga intanet, amma shi kullum yana shiga gida. Bai ɗora ba har zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi. A zaman makoki Dada ce take ba masu kuka haƙuri. Ban ga hawayenta ba, kuma tun daga ranar ba ta ƙara tayar da zancensa ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Jalingo ta yau. Matasa suna haɗa kiɗa a waya, ba sa ma neman kwamfuta. Jaket ɗin saƙi da na ce ba a yi, yanzu ita ce rabin aikin shagona, 'yan mata ma suna sawa su je a ɗauke su hoto. Masu shaguna da kansu suke kiran Yohanna ya yi musu zane a bango. Na san Hamma zai yi murna, kuma na san zai dame mu da cewa shi ya fara.

Watan jiya Yohanna ya zo shagona. Ya ce shi da sauran abokansu za su yi ɗan taro da la'asar a wani fili a Barade, a baje hotuna, a sa kiɗan Hamma, kuma suna son wancan kiɗan da Dada ta hana fitarwa. Kwamfutar tana hannuna. Batirinta ya mutu, sai an jona da wuta take tashi, kuma kullum tashin yana ƙara wuya. Na ga cewa idan ban yi wani abu ba, aikin da ya fi so zai tafi tare da ita. Zan iya miƙa wa Yohanna ba tare da kowa ya sani ba. Amma mai abin bai yi haka ba da ransa, ni ma na kasa. Kwana uku ina juya yadda zan fara, domin idan Dada ta sake cewa a'a, magana ta ƙare ke nan.

Na same ta da hantsi tana tsince shinkafa, na faɗa mata komai. Ta ce in kawo ta ji. Na ɗora mata hedifon a kan ɗankwalinta. Ta ji sau ɗaya, ta ce in maimaita. A karo na biyu na ga babban yatsan ƙafarta yana bin kiɗan. Da ta cire sai ta ce rabi ne, ita ta katse a ranar.

Daga nan ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Ta ce waƙar tata ce, ita ta ƙirƙire ta a makon da aka yaye Hamma, kakarsa ta tafi da shi rugarsu ta bayan Iware. Ba ta da damar tambayar lafiyarsa, balle ta yi kuka a gaban mutane, sai ta riƙa rerawa idan tana burga nono. Rabin da bai ɗauka ba duk a kansa ne, yadda yake tafiya yana tangaɗi, da yadda yake kama mata kunne idan ta goya shi. Ta ce, "Ta yaya zan bari gari ya ji ina yi wa ɗan fari waƙa, shi kuma yana yawo a cikin garin?"

Na tambaye ta yanzu fa. Ta ce, "Yanzu kunyar wa zan ji? Kira mai fentin nan ya zo da na'urarsa. Idan za a fitar, a fitar da ita cikakkiya."

Yohanna ya zo washegari da safe. Dada ta ce ba ta iya waƙa hannunta a sake, dole aka nemo nono da ƙwarya da maburgi. Da ya kai makirfon kusa da ita ta ce, "Ɗan nan, ja abin nan baya, ba ci zan yi ba." Sau ɗaya ta rera, daga farko har ƙarshe, ta ce ba ta maimaitawa. Yohanna ya haɗa sabon da tsohon a kan kiɗan Hamma, bai taɓa komai nasa ba. Ana jin inda muryar ta tsufa da shekaru, kuma ya bar shi haka.

A wurin taron mutane sun fi yadda muka zata, Mumuye da Jukun da Fulani da Hausawa, wasu ko sanin Hamma ba su yi ba. An yi rawa sosai. Da aka kai rabi na biyu na ga masu jin Fillanci sun ɗan tsaya suna kallon juna, wata mata ta share ido da gefen mayafinta, sannan suka koma rawar.

Abin da yake mini ciwo shi ne Hamma ya tafi bai san dalilin hanin ba. Wataƙila ya ɗauka aikinsa ne ba ta so. Amma idan na tuna watannin da ya yi da muryarta a kunnensa, yana gyara ta numfashi bayan numfashi, sai in ga babu wanda ya saurari Dada a duniya kamar ɗan da ba ta yi wa magana. Kiɗansa yana nan, jaket ɗinsa ta cika gari, sai dai abin da na fi riƙewa shi ne ya ji maganar uwarsa a kan abin da ya fi so, ba tare da an ba shi dalili ba.

Dada ba ta je taron ba. Da na dawo kafin magariba ta tambaye ni ko sun yi rawa. Na ce har da tsofaffi. Ta yi dariya ta ce, "Da yana nan, da yau ba mu huta da surutunsa ba." A shekara shida, wannan ne karo na farko da ta yi zancensa tana dariya. Allah Ya jiƙan Hamma, Ya haskaka makwancinsa.