Lambar Da Baba Illa Ya Rataya Wa Jaki

Shekara goma ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Illa, ɗaya daga cikin 'yan mazan jiya na ƙasar Tasawa. Ban samu jana'izarsa ba, ina nan Greensboro a Amurka ina fama da takardun zama. Abin da ya iso gare ni na gadonsa lamba ce ta ƙarfe, wadda Faransa ta ba shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da igiyarta ta zo, igiyar kaba, don a wuyan jakinsa ta yi rayuwarta. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Shi ma dako yake yi wa wasu, ya cancanta."

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na ji tarihi daga bakin wanda ya gani. Baba ya ce ba da bindiga yaƙin ya fara ba, da baki ya fara. Kowace ƙabilar Nasara tana cika baki cewa jininta ya fi na kowa. Kumandan, Baturen mulkin Faransa, ya tara gari, aka ɗaga tuta, aka buga ganga, tafinta ya ce Jamus ta raina Faransa, kuma Faransa uwarmu ce. Uwar da ba ta taɓa goya kowa ba! Mai gari ya tura 'ya'yansa gidan dangi a ƙetaren iyaka, ƙasar da Ingilishi ke mulka, ya kama na talakawa ya miƙa, har da Baba. Tun daga nan, duk inda Baba ya ji ana kirarin ƙasa, tambaya ɗaya yake yi: "To, ɗan wa za a aika?"

Da yana raye, me zai ce da mu yau? Tun da aka kai harin da ya rushe tagwayen benayen nan na Amurka, hanyar High Point Road ta zama kasuwar tuta. Mu ma muka manna wa motocinmu, don tsoro, kada a fasa mana gilashi. Wannan na gane, ni ma na manna. Abin da ban gane ba shi ne yadda tsoro ya koma kirari. Manyanmu suna zama gaban talabijin suna cewa "za mu murƙushe su," kamar su ne masu jiragen yaƙin.

Ɗana Nasiru ya gama sakandare, masu ɗaukar soja suka tare shi da daɗin baki. Na hana, na yi faɗa, ya amsa mini da Turanci. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Na kai maganar wurin shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan, Alhaji Mamman, don ya ja masa kunne. Sai ga shi bayan Juma'a ya dafa kafaɗar yaron a gaban jama'a.

"Jikan soja, gado ba ƙarambani ba! Malam Sani, kawo lambar kakansa mu rataya masa."

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, naka biyu fa?"

"Ai su suna karatu."

Ashe mai garinmu bai mutu ba, jirgi ya hau ya zo Amurka. Washegari na kai masa lambar har gidansa a unguwar Pleasant Garden, da igiyarta. Na gaya masa wuyan da ta saba, na ce ya gwada ko za ta yi masa. Har yau ba ma gaisawa, kuma ban yi asarar komai ba.

Amma Nasiru ya sa hannu. Yana Iraƙi yanzu. In waya ta yi ƙara, uwarsa ba ta iya ɗauka, ni ke ɗauka.

Baba Illa bai bar gona mai kirki ba, kuma lambarsa ta yi tsatsa. Tambayarsa kawai ce ta ƙi tsufa. Ya yi ta a Tasawa ba wanda ya amsa, na yi ta a ƙofar masallaci aka ce ba ni da ladabi. Allah ya jiƙanka, Baba. Kana tambaya ɗan wa za a aika. Nawa aka aika.