Damin da Ya Ƙi Rabuwa

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne.

Ni ban yi boko ba, amma akwai ƙidaya guda da ban taɓa mantawa ba: ɗari fuɗu da ashirin da ɗaya. Kwanan baya na ba jikata ita, wadda ke makaranta a Tambuwal, na ce ta raba mini. Ta daɗe tana zane, sannan ta ce, "Kaka, wagga ba ta rabuwa. Akwai irinsu cikin lissafi, ko gida nawa aka kasa su sai an sami saura." Na ce mata na sani, gidanmu ta ci.

Ina yarinya a Fakku kakanmu ya rasu, ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗowa. Ya bar babana da baffana da goggona, ya bar rumbuna cike da gero. Aka fito da dammunan tsakar gida don rabon gado, ƙamshin tsohon gero ya cika ko'ina. Liman ya kasa su kashi biyar, biyu-biyu na maza, guda na mace. Kowane kashi tamanin da fuɗu. Dami ɗaya ya rage a tsakiya.

Babana ya ce nasa ne, shi ne babba. Baffa ya ce, "Babba wurin ci. Wa ya yi noman?"

Liman ya ce a kwance damin a raba zangarku. Ba wanda ya saurare shi. Baffa ya rantse an yi kuskure, sai a sake ƙirga. Aka jera bibbiyu, guda ya rage. Aka jera uku-uku, fuɗu-fuɗu, shida-shida, har bakwai-bakwai, kullum guda na nan shi kaɗai. Mata suka fara raɗa cewa akwai abu cikin damin, har kowa ya ji tsoron taɓa shi.

Goggo ta ce, "Ku ɗauki guda cikin nawa ku daidaita, a maida hatsi rumbu." Babana ya ce ba ya karɓar sadaka a gidan ubansa. Baffa kuwa ya hana a ɗaga ko zangarniya sai an yanke magana.

Ruwan farko ya sauko, ya yi ta zuba. Gara ta ci na ƙasa, na sama ya tsiro, na tsakiya ya yi baƙi yana wari. Abin da muka tsira da shi bai kai mu marka ba. Tafasa muka ci damanar nan.

Ƙanena, wanda aka yaye a lokacin, bai ga kaka ba. Baffa ya kwashe iyalinsa ya yi Kebbe, har ya bar duniya bai sake taka gidanmu ba. Goggo ta makance a hannuna. Babana ya tsufa ba ya iya kallon ana ƙirga dami, sai ya tashi ya bar wurin.

Yanzu a buhu ake zuba gero, a auna da kwano. Ni dai duk kaka, kafin 'ya'yana su fara ƙirga, nakan janye dami guda in kai wa maƙwabta.