Gamanar Hindu

A Hawandawaki duk wanda ya san Hindu ya san gamanarta, ɗan filin da marigayi mijinta ya yanka mata a gefen gandun gidansu tun tana amarya. Ta zagaye shi da gamba don iyaka, tana shuka gero da wake, da yakuwa a baki-baki. Mata kan tsokane ta cewa ta fi gaida gamana da safe a kan gaida mutane, ita kuwa ba ta taɓa musu ba.

Ɗanta Lamine yana can Agadas wajen neman abinci. Matarsa Safa, 'yar Mayahi, tana karatu a jami'a a Maradi, ta haihu a shekararta ta ƙarshe. Karatun bana kuma ya ja har ya shiga damina. Jinjiri ba ya shiga aji, mai reno babu. Safa ta kira surukarta tana kuka, ta ce za ta tattara ta dawo gida. Hindu ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ta san abin da aka yi wa wahala ba a zubar da shi ana gab da girbi. Ta ce mata ta zauna, ga ta nan tafe.

Ƙadri, ƙanen mijin Hindu, shi ke riƙe da gandu yanzu. Gida ya cika da 'ya'ya, ƙasa ta yi kaɗan, ya daɗe yana kallon gamanar nan. Ya faɗa mata a fili cewa filin da aka bari babu shuka gandu zai koma. Ta ji shi sarai. Ta ɗaura ƙullin kayanta, ta hau mota ana hadarin ruwan shuka.

A jami'a ta samu gindin wani itacen bedi kusa da ajin su Safa, ta shimfiɗa tabarma. Safa kan fito da gudu ta shayar, ta koma. Kafin a jima wasu ɗalibai masu goyo suka gano ta. Yau wannan ta ajiye nata, gobe waccan, har tabarma ta kasa, aka ƙaro wata. Hindu ta yi ta mita cewa ta zo renon ɗaya an mai da ta uwar gari, amma duk ranar da wata ba ta kawo nata ba sai ta aika a tambayo lafiya. Wani malami da ya gaji da ganinta tana tsere wa ruwa da yara ya sa aka buɗe mata wani ɗaki. In ruwa ya sauko takan tsaya bakin ƙofa tana kallo, don ta san a gida ana noma.

Bayan jarrabawa ta koma, an gama girbi. Ko ruwa ba ta sha ba ta nufi gona. An tumɓuke gambar, an haɗe kunyoyi, kara a kwance daga nan har can. Ta yi gaba ta dawo, ta kasa gane inda gamanarta ta fara. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta zauna a kan rairayi ta yi kukan da ba ta yi a Maradi ba.

Tana nan zaune wayarta ta yi ƙara. Safa ce, cike da murna, ta ce sakamako ya fito, ta ci. Ba wanda ya taɓa gaya mata sharaɗin Ƙadri, sai ta ce, “Inna, ya geronki na bana? An samu wanda ya noma miki?”

Hindu ta share fuska da bakin zane, ta dubi karan da ke kwance.

“An noma, ɗiyata,” in ji ta. “Ya yi kyau ƙwarai.”