Sunan da Badaru Ya Rataya a Bayan Taya

Badaru ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Sandamu. Tun yana saurayi ya tsani fartanya, ya gudo Daura ya koyi gyaran bodin mota. An ce ya koya ne dai don a wuce wurin. Sana'ar nan ta masu haƙuri ce: in mota ta lotsa, sai ka shiga ta ciki da guduma kana bugu a hankali har ƙarfe ya koma yadda yake, sannan ka shafa ɗan fila, ƙullin nan da ake cike ƙananan ramuka da shi, ka goge, ka fesa fenti. Badaru ya duba ya ga bugun nan wahalar banza ce. Sai ya ajiye guduma ya rungumi fila. Komai zurfin lotsawa, kwaɓawa zai yi ya cike, ya lailaye, ya bi da fenti, mota ta fito tana ƙyalli kamar ba ta taɓa karo da komai ba.

Wanda ya tona masa asiri shi ne Mainasara, direban Fijo mai jigila tsakanin Daura da Kongolam ta bakin iyaka. Ya bugi wani sa a hanya, ƙofa ta shige ciki, ya kai wa Badaru. Motar ta dawo tsaf. Amma ramin farko da ya faɗa bayan Mai'aduwa, sai wani ɓangare mai faɗin faifai ya ɓalle daga ƙofar ya faɗi ƙasa. Mainasara ya tsaya ya ɗauko shi, ya kawo tasha yana nuna wa jama'a, yana cewa wannan ai ba gyara ba ne, yaɓe ne irin wanda ake wa katanga kafin damina. Daga ranar sunan Badaru ya ɓace, sai Mai Yaɓe.

Sunan nan ya ci masa rai ba kaɗan ba. Ba don ya kore masa ciniki ba, domin masu son sayar da mota cikin gaggawa wurinsa suke layi. Abin da ke ƙona shi shi ne ko a wurin ɗaurin aure da shi ake sanar da zuwansa, matarsa Haulatu kuma a unguwa matar Mai Yaɓe ce. Ya yi faɗa, ya yi gaba da mutane, ya kai ƙara wurin mai unguwa. Ya gwada komai don ya kashe sunan, ban da abu guda: ɗaukar guduma.

Ana haka aka ƙaddamar da Shari'a. Mutane da yawa tsakaninsu da Allah suka gyara halinsu. Badaru gemu ya gyara. Ya ɗage wando, ya koma sahun farko, in ka gaishe shi sai ya ja maka sallama har ka gaji da tsayuwa. Filar dai tana nan yadda take. A daidai lokacin ya ji cewa ba a ba gareji aikin motocin gwamnati sai mai rajista. Wani lauya a Katsina ya yi masa bayani cewa da zarar hukumar rajista ta buga hatimi a kan suna, babu wanda ya isa ya yi kasuwanci da shi a duk faɗin ƙasa. Badaru da kunnensa na son rai, abin da ya ji shi ne babu wanda zai sake kiran sa da wani suna. Ya dawo Daura yana murmushi shi kaɗai a mota.

Zaɓen sunan ya ba shi wuya. Lauya ya ce sai an duba ko wani ya riga shi. Ya ba da Alheri, aka ce an ɗauka. Ya ba da Albarka, ya ba da Rahama, duk an riga shi, don a shekarun nan ko mai faci sai da ya nemi suna mai ƙamshin masallaci. Ran wata Juma'a yana zaune ana huɗuba, wasu na hawaye, shi kuwa sai ya ji kalmomi biyu sun yi masa daɗin rubutawa a allon gareji. Ya dawo gida ya sanar da Haulatu cewa gareji ya samu suna: Tsoron Allah.

Ta ɗago daga tankaɗen da take yi ta dube shi. "Maigida, anya sunan nan ba zai yi maka nauyi ba?"

Ya ce mata harkar kamfani ba ta mata ba ce. Aka aika sunan aka duba, aka tarar babu mai gareji ko ɗaya a ƙasar nan da ya taɓa neman sa. Takardar rajista ta iso, ya sa ta a gilashi, ya yanka rago, ya kafa allo mai kore da fari a bakin titi.

Sai dai allo ba ya tafiya. Yana nan inda aka kafa shi, Mai Yaɓe kuwa yana yawo a bakin mutane daga tasha zuwa kasuwa. Badaru ya ga dole sabon sunan ma ya yi ƙafa. Ya san direbobi kan rubuta sunan Allah a goshin mota, can sama da gilashi, amma wurin kowa ya riga ya cike da nasa rubutun. Inda ya rage fili shi ne robar nan da ke rataye bayan taya tana tare taɓo. Ya sa aka yanko masa su da yawa, aka rubuta sunan garejin da farin fenti, boko a sama, ajami a ƙasa. Duk motar da ta shigo sai ya ɗaura mata kyauta, har tasha yake bi yana rabawa. Mutumin da ba ya wuce sahun farko bai tsaya ya tambayi kowa ba, kuma ko sau ɗaya bai sunkuya ya dubi abin da ke bin bayan taya ba.

Da rani abin ya tafi daidai, har wasu suka fara karanta sunan suna dariya, shi kuwa ya ɗauka farin jini ne. Sai ruwa ya sauka. Motocin nan su ne masu kutsawa kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwa, su bi ta kashin shanu da ruwan kwata su fito. Wata rana Malam Ikrima, mai karantarwa a Islamiyyar unguwarsu, ya dawo daga Kongolam a motar Mainasara. Da ya sauka ya zagaya ɗaukar jakarsa, idonsa ya faɗa kan robar. Ya durƙusa ya goge ta da bakin rigarsa, ya karanta, ya miƙe. Bai je gida ba sai da ya biya gareji.

Badaru ya tarbe shi da doguwar sallamarsa. Malam ya nuna masa bakin rigar, ya tambaye shi ko ya san sunan wa yake ja a cikin wannan.

"Allah gafarta malam, ai da rajista. Gwamnati ce ta ba ni sunan, ga takarda can."

"Ta ba ka ka rataya a gareji, Malam Badaru. Ba ta ba ka ka ja shi cikin kashin shanu ba."

Malam bai ɗaga murya ba, amma gari ya ɗaga. Kafin a kai ko'ina magana ta cika masallatai, mai unguwa ya kira Badaru gaban dattawa aka ce duk robar da ya ɗaura ya bi ta ya gyara ɓarnarsa. Ya so ya kwance su a ɓoye, direbobi suka ƙi. Suka ce damina ce, roba tana musu amfani, kyauta kuma ba a karɓe ta. Rubutunsa ne matsala, ya zo ya cire abinsa.

Haka Badaru ya shiga bin tashoshi da bokiti, Daura, Sandamu, Dutsi, har Kongolam, yana durƙusawa bayan taya da gemunsa yana wanke taɓo a gaban 'yan kamasho da masu tallar gyaɗa. Malam ya ce masa a kankare rubutun da samfefa har ya fita. Ya kankare guda ɗaya, hannunsa ya gaji. Sai ya nemo baƙar kwalta ya narka, ya riƙa lafta wa kowace roba. A tashar Kongolam mutane suka zagaye shi suna kallo, Mainasara ya ratso yana buɗe hanya.

"Ku ba shi wuri," in ji shi, "gwanin ne da kansa ya zo."

Aikin gwamnati bai samu ba, don babu jami'in da ke son a gan shi kusa da maganar. Robobin kuwa suna nan da baƙin tabonsu, suna tsallaka iyaka suna dawowa. Duk inda aka ga ɗaya sai wani ya tambayi dalili, wani ya ba da labari, kuma ba a ba da labarin sai da sunan mai shi. Inda sunan bai taɓa zuwa ba a da, yanzu ya je.

Bayan damina wani Badamagare ya shigo Daura da a-kori-kura wadda gefenta ya lotsa, yana son ya sayar da ita a kasuwa mai zuwa. Ya yi ta tambaya har ya tsaya daidai ƙarƙashin allon nan mai kore da fari. Bai ko ɗaga kai ya dube shi ba. Ya yi wa Badaru sallama ya ce, "Don Allah nan ne garejin Mai Yaɓe?"

Badaru ya dubi allon. Ya dubi lotsawar, ya auna zurfinta da ido.

"Nan ne," ya ce, ya shiga ciki ɗauko gwangwanin fila.