Juma'ar da Ta Ɓace Tsakanin Niue da Tonga

Ina shekara ta biyu a jami'a maƙwabcinmu na hawa na huɗu a titin Grand Concourse ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, riƙe da taswira. Mutumin Gana ne, ya yi aikin jirgin ruwa a Takoradi kafin ya zo nan ya koma kula da tsofaffi. Ɗan wani tsohon da ya yi wa jinya ne ya nemi ya raka shi a jirginsa na ruwa mai tafiya da iska, daga Panama zuwa Fiji, tsibiri bayan tsibiri. Rabonsa da teku shekara ashirin, kuma jibi ake jiran amsarsa.

Ya ce wa mahaifiyata, "Hajiya, ara mini shiru-shirun nan taki ta tsara mini kwanakin."

Na wuni a laburare. Na jera tsibiran da nisan da ke tsakaninsu, da watannin guguwa, da lokutan salla a kowane zango. Tsakanin Niue da Tonga akwai layin da in an haye shi ake tsallake kwana ɗaya. A lissafina za su haye ranar Alhamis, su wayi gari Asabar. Na rubuta haka da jan biro, ban ga abin damuwa ba.

A tsaye ya karanta a kicin ɗinmu. Yatsansa ya tsaya.

"'Yata, ina Juma'a?"

"Babu, Kawu."

"Wa ya ɗauke ta?"

Na ɗauko lemu ina juyawa, ina nuna masa yadda rana ke zagayawa.

"Ni kike nuna wa duniya da lemu?"

Mahaifiyata ta ce ai ko ba komai, Juma'a ba ta wajaba kan matafiyi ba.

"Na sani, Hajiya. Rashin masallaci daban, rashin ranar daban. Satin da ba Juma'a, ba da ni ba."

Na koma kan takardar. Na ƙara musu kwana huɗu a Niue, ranar da za ta ɓace ta koma Talata. Da na kai masa na ce, a hankali, iska fa ba ta bin takarda, tana iya kai su layin ranar Alhamis ɗin.

"Wannan Allah ne ya ɗauka. Ni dai ban sa hannu ba."

Ya ninke takardar, ya kira mai jirgin ya ce yana zuwa.